Injin Washin Jafaru

Ni ne mai faci a bakin tashar Daura, kuma rumfata na jingine da ta Jafaru, don haka duk shirmen da ya yi a kan idona ya yi shi. Jafaru ya taɓa sayar da rake, ya yi acaɓa, ya yi kiwon zabi, ba wadda ta kai shi ko'ina. Surukinsa Malam Nu'uman, mahaifin matarsa Haulatu, bai taɓa kiran sunansa ba. In zancensa ya taso sai dai ya ce, "Wannan yaron, yanzu kuma sana'ar me yake?" Maganar nan tana cin Jafaru ƙwarai. Ba abin da yake so a duniya kamar ranar da Malam zai daina wannan tambaya.

Wata rana sai ga shi da wani jibgegen ƙarfe a amalanke. Wai injin washi ne daga wani tsohon kamfanin matsar gyaɗa da ya rufe a hanyar Zango. A wajen 'yan gwangwan ya samo shi, ya ba su mataccen babur ɗinsa a madadi, amma sai da ya kwance madubansa biyu tukuna. Injin yana tsaye kan ƙafa ɗaya mai kauri, tsawonsa ya kai ƙirjin mutum, tsatsa ta cinye shi, har da gidan zanzaro a cikinsa. Na ce, "Jafaru, wannan ai wanka da likkafani yake jira."

Bai kula ni ba. Ya jiƙa notuna da kananzir, ya kwance shi gaɓa-gaɓa, ya goge da samfefa har yatsunsa suka sale. Ya sa sabon boris, ya kai motar injin aka sake naɗa mata waya. Dutsen washi kuwa bai samu irin na asali ba, sai ya ɗaura na masu walda, mai kaushi, wanda ke cin ƙarfe kamar akuya ta samu dusa.

Da nan ya tsaya, da na yaba masa. Ina! Sai da ya yi masa fenti kore da ruwan ɗorawa, ya rataya tuntaye, ya ɗaura maduban nan hagu da dama, ya sa aka rubuta "Sai Haƙuri" a jikin ƙafar. Na tambaye shi amfanin madubi a injin da ba ya zuwa ko'ina. Ya ce in tsaya a facina.

Gaskiya injin ya tashi. Ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah, mahauta da magidanta suka yi layi da wuƙaƙen layya, tartsatsi na tashi, Jafaru na wani karkace hula.

Ranar jajibere da hantsi layin ya dare biyu, sai ga Malam Nu'uman da kansa. Ya zaro wuƙa daga kube, mai ƙotar ƙaho, wadda mahaifinsa ya yi ta yanka layya da ita kafin ta dawo hannunsa. Jafaru ya zube ƙasa.

"Sannu da zuwa, Baba."

"Yawwa. An ce kana washi. A ɗan taɓa mini bakinta."

Malam ya miƙa wuƙa, ya tsaya nan daram. To, ina Jafaru zai miƙe tsaye ƙerere a gaban surukinsa? Sai ya matsa gindin injin a tsugune, ya sunkuyar da kai, ya ɗaga hannaye sama kamar mai shanya, ya ɗora wuƙar a dutse bai ganin komai. Malam kuma, don kada ya takura shi, ya kau da kai gefe ya shiga gaisuwa.

"Ina gida?"

"Lafiya lau, Baba."

"Yaya yaran? Yaya ruwa wajenku?"

"Alhamdu lillahi, Baba."

Na yi gyaran murya har maƙogwarona ya yi zafi, ƙarar injin ta danne. Mutanen layi kowa ya ga abin da ke faruwa, amma wa zai tsoma baki tsakanin mutum da surukinsa? Sai da Malam ya tambayi lafiyar dangin Jafaru na garin Kwangwalam kaf, sannan ya juyo.

Abin da Jafaru ya sauko da shi ya fi kama da basilla. Ƙotar ce kawai ta tsira. Malam ya karɓa, ya juya ta, ya sake juyawa, ya tafi da ita.

Jafaru ya kashe injin ya zauna a ƙasa. Wallahi duk iya tsiyata ban iya yi masa dariya ba, tausayinsa ne ya kama ni. Ya ce, "Shi ke nan, gobe zan mayar wa 'yan gwangwan kayansu."

Kafin azahar sai ga Malam ya dawo daga kasuwa da sabuwar wuƙa, dakusasshiya, ko kabewa ba za ta yanka ba. Jafaru ya sake zubewa.

"Jafaru," in ji Malam, "mai sana'a a tsaye yake aikinsa. Zan koma can baya, in ka gama ka yi magana."

Ya zaga bayansa, ya tsaya jikin tayoyina, ya juya mana ƙeya. Jafaru ya miƙe a hankali, ya tada injin, ya wasa wuƙar nan da natsuwar da ban san yana da ita ba. Can na ga ya ɗaga ido ya dubi madubin dama, sai ya ɗauke wuƙar daga dutse. Na bi idonsa. Malam ne riƙe da guntuwar wuƙar mahaifinsa, yana shafa ƙotar da babban yatsa, yana goge ido da bakin rawani.

Jafaru ya miƙa hannu ya juyar da madubin ya kalli ƙasa, sannan ya ci gaba da washi.