Farin da Ke Kan Sandar Baba

Zobe guda surukina ya ce in gyara masa. Ɗan zoben ƙarfen nan da zare ke ratsawa a jikin sandar fatsa, shi ne ya saki, Baba ya aiko 'yarsa, wato maiɗakina, ta kawo mini sandar shago don in ɗaure shi in ɗiga masa gam. Aikin da bai kai a tafasa ruwan shayi ba.

To amma ni mai fenti ne. Kujeru da gadaje da ƙofofi nake fesawa, kuma ina da wata cuta: in na ga abu ya koɗe sai hannuna ya kama ƙaiƙayi. Sandar nan kuwa abin tausayi ce. Launinta ya mutu, ba ka ce ruwan ƙasa ba, ba ka ce toka ba. Mariƙin ya yi baƙi da gumi. Can a kanta, inda ta sirance, wani ya laɓta mata farin fenti, irin na bango ma, ya bushe guda-guda kamar kashin tsuntsu. Na ce a raina, haba, surukin mai fenti guda yana yawo da wannan a gaban mutane? Ai ni za a zaga.

Na ɗaure zoben. Sannan na ɗauko samfefa na goge ta tas, har farin nan na kankare da wuƙa. Na fesa mata kore mai duhu, na bi da man sheƙi, na bari ya sha iska, na ƙara. Da ta bushe, maƙwabcina kafinta ya ce in sayar masa ya rataye a falo. Ni kaina na tsaya ina kallonta ina jin daɗin kaina.

Da na kai masa, Baba yana zaune a ƙofar ɗakinsa. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa. Ya shafa ta daga mariƙi har kai, ya daɗe yana murza kan da yatsa biyu. Ya ce Allah ya yi albarka, an sha aiki. Bai ƙara komai ba. Na ɗauka kunyar suruki ce ta hana shi yabo, don tun da na auri 'yarsa ba mu taɓa haɗa ido sosai ba, balle dogon zance.

Fatsa ita ce rayuwar Baba tun da matarsa Inna ta rasu. Da safe zai saɓa sandarsa, ya ɗauki gwangwanin tana da 'yar kujerarsa, ya gangara tafki wurin abokansa, sai rana ta yi zafi ya dawo. 'Ya'yansa ba sa so. Yayan maiɗakina, wanda duk muke kira Yaya, ya sha cewa tsoho da bakin ruwa ba su dace ba, ya komo gidansa a cikin gari ya huta. Baba kan ce muddin yana ganin gabansa ba mai raba shi da ruwa, ranar da ido ya gaza shi da kansa zai ajiye. Da wannan maganar ya rufe bakin kowa.

Ranar da ba na buɗe shago na ce zan raka shi. Rakiya ce a baki, a zuciya so nake in ji abin da abokansa za su ce kan aikina.

Sun faɗa kuwa. Dogo, mai sanda ja kamar ta 'yan wasa, ya karɓa ya ɗaga ta sama ya ce yanzu Baba ya shigo sahun mutane, kifi ba ruwansa da launi, cikinsa yake bi. Direba ya ce duhun ya yi yawa, rana na dukanta za ta ɗauki zafi. Tela, wanda ya fi kowa daɗewa da Baba, ya ce sanda mai sheƙi madubi ce, kana ɗaga ta walƙiyar na faɗawa ruwa, karfasa ta gudu, shi ya sa shi yake shafa wa tasa laka. Musu ya kaure, kowa na rantsuwa da kifin da ya taɓa kamawa. Na shiga ina kare aikina, har ina gaya wa Tela cewa shi zare ya sani, ya bar wa masu fenti fenti. Kan sandar Tela ya duba, sannan ya dubi Baba.

Aka jefa ƙugiya. Na zauna bayan Baba. Ba a jima ba na ga kan sandarsa ya yi rawa, ya lanƙwasa, ya miƙe. Baba yana zaune, fuskarsa na kallon wurin sosai, bai motsa ba. Ya sake lanƙwasawa. Dogo ya ce masa ya ja mana, ana cin kotonsa. Baba ya fizga a makare, ƙugiya ta fito fayau. Ya yi dariya ya ce tunani ya tafi da shi. Ya sa wata tanar, kifi ya sake cinyewa a gabansa. Koren nan nawa ya saje da ruwan da ciyawar tsallake, ni mai lafiyayyen ido ma sai na ƙura nake ganinsa.

Tela ya ce in zo in taya shi tonon tana. Da muka yi nisa ya gaya mini. Idon Baba ya daɗe da yin hazo. Ba ya ganin zare, ba ya ganin kan sanda, farin nan kawai yake iya tsinkaya a kan duhun ruwa, in ya motsa ya san kifi ya zo. Tela ne ya shafa masa shi da hannunsa, kuma su biyu kaɗai suka sani.

Wallahi ji na yi kamar in shige cikin lakar. Mutum ya ba ni zobe in ɗaure, na je na kankare masa ido.

A hanyar gida Baba na gaba ina biye, riƙe da kujerarsa. Sai a lokacin na lura da yadda yake jan ƙafa yana laluben hanya. Bai waiwayo ba ya ce:

"Tela ya gaya maka ko?"

Na ce e, Baba, a yi mini afuwa.

"Ba komai, ɗana. Ka mayar mini da farin. Amma kada maiɗakinka ta ji. In ta ji, yayanta ya ji."

Tun da nake bai taɓa roƙona komai ba. Na ce ba za ta ji ba.

Na kawo sandar gida, don akwai sauran farin fenti a bayan ɗakin girki. Na shimfiɗa jarida a tsakar gida, na kama shafawa. Da gangan na yi shi da kauri da faɗi, yadda za a hango daga nesa. Maiɗakina ta fito da kwandon shanya ta tsaya a kaina. Ta ce me ya same ni zan ɓata aiki mai kyau haka. Na ce haka Baba ke so. Ta yi dariya ta ce kai dai faɗi gaskiya, koren ne ya ɓare ake rufe asiri da fari. Na ce fentina ba ya ɓarewa. Ta ce ai ga shi nan, ko almajirin kafinta ba zai yi wannan laɓe-laɓen ba, hannu ya fara tsufa, kuma za ta gaya wa ƙawayenta masu kawo mini gadaje su nemi wani.

Wasa take yi. Na san wasa take yi, haka muke kullum. Amma a taɓa aikina, kaina ke ɗaukar zafi. Bakina ya riga ni:

"Ke, ba kuskure ba ne! In ba fari mai kauri ba Baba ba ya ganin kan sandar."

Ta ajiye kwandon. Ta ce in sake faɗa. Na yi ta kame-kame, wai duk masu fatsa haka suke yi, wai rana ce. Ko saurarona ba ta yi ba, ta shige ɗaki ta ɗauki waya.

Yaya ya kai Baba asibiti. Likita ya ce ido ɗaya ya riga ya tafi, ɗayan za a gwada magani, amma batun bakin ruwa a manta da shi. Ba wanda ya yi wa Baba faɗa. Maganarsa kawai Yaya ya tuna masa, a hankali, cikin ladabi. Baba ya ce haka ne, ya faɗa.

Maiɗakina ta ce na ceci ran mahaifinta, da wata rana ya zame ya faɗa ruwa fa? Yaya ma ya yi mini godiya har da riƙe hannu. Kila suna da gaskiya. Amma ni na san ba don ransa na yi magana ba, don fentina na yi, kuma wannan godiyar tasu ta fi zagi ci mini rai.

Ranar da za a tafi da shi cikin gari na je taya ɗaukar kaya. Na yi ta ɓuya a bayan katifa da akwatuna don kada mu haɗu. Da aka gama lodi ya sa aka kira ni. Yana zaune a gaban mota, sandar a hannunsa, farin ya bushe, ko sau ɗaya bai kai ta ruwa ba. Na durƙusa a gefen ƙofar. Na buɗe baki zan ba shi haƙuri, ya miƙo mini ita ta taga.

"Riƙe, ɗana. Can ba ruwa. Ka rataye ta inda mutane za su gani, aikin ya yi kyau."