Ruwan Zafin da Ya Ji Kunyar Gwaggo Tabawa

Mafarki na yi jiya da dare, wai gidana ya samu famfo a kowane ɗaki, har da akurkin kaji. Rana tsaka ce. Kwana uku ke nan da matata Saude ta haihu, gwaggonta Tabawa kuma ta zo daga Ringim da damin ganyen darbejiya don yi mata wankan jego.

Ruwan burtsatsenmu tauri gare shi. Ba maganar sabulu ya ƙi kumfa ake yi ba. In ka ɗebo shi a kofi, sai ka tauna. Shi ya sa na kafa injin tausasa ruwa, wani dogon tulu mai cin gishiri buhu-buhu. Na kuma ƙara da ɗan injin da ke zagaya ruwan zafi cikin bututu, don da an murɗa famfo ya zubo nan take.

Gwaggo Tabawa ta murɗa famfo. Ko ɗigo. Sai muka ji ruwan ya wuce ta cikin bango a guje.

"Salamu alaikum, ina zuwa!" in ji shi.

"Wane ne wannan?" Gwaggo ta tambaye ni.

"Ruwan zafi ne, Gwaggo. Zagaye yake yi."

"To ka gaya masa, in aka kira la'asar ban ga tururi ba, zan ɗauki 'yata da jinjirin mu tafi gida. Can tukunya ba ta yawo."



Sai ga ni a ɗakin inji tare da mai gyaran famfo, wani tsohon agwagwa da ake kira Nomau, sifana a ƙarƙashin fiffikensa. Ya kara kunne a jikin bututu.

"Wane shashasha ne ya yi wannan haɗin?"

"Kai ne, Malam Nomau."

"To an yi ganganci," ya ce. "Ruwan zafi in ya gama zagaye, tukunyar ɗumama ruwa ya kamata ya koma. Nan kuwa ta cikin injin tausasawa yake bi."

Tulun ya yi nishi, gumi na tsiyaya a jikinsa. "Ni ruwan sanyi aka ce in yi wa aiki, maigida. Hanjina duk ya dahu. Akwai sauran gishiri?"

Na ba shi cokali biyu, ya yi godiya.

"Sau ɗari huɗu ke nan ana tausasa ruwan nan," in ji Nomau, yana sauya bututun da baki. "Ya yi laushi har ya koyi kunya. Ba zai fito gaban suruka ba."

Na samu kaina durƙushe gaban famfo. Ladan ya riga ya fara gyaran murya. Gwaggo na ɗaure kaya, ta goya jinjirin da tabarma tare.

"Don Allah ka rufa mini asiri," na ce wa famfon. "Iyalina za a tafi da su."

Wata 'yar siririyar murya ta fito. "Sai dai in Gwaggo za ta juya baya."

"Ni?" Gwaggo ta dafe ƙirji. "Mata talatin na yi wa wanka, ruwa bai taɓa kafa mini sharaɗi ba!"

"Haba Gwaggo, baƙo ne," in ji Saude, tana danne dariya.

Gwaggo ta ja tsaki, ta juya, ta lulluɓe kai da mayafi. Ruwan ya fito a hankali, yana sanɗa. Don ladabi bai yarda ya taɓa ƙasa ba, sai ya hau sama ya taru a silin yana tururi. Muka kifa baho a can, Saude ta hau tsani ta yi wankanta.

Gwaggo ta miƙa gwiwar hannu ta taɓa. 

"Wannan ruwa ya samu tarbiyya," ta ce. "Ɗan gidan wa ne?"

"Namu ne, Gwaggo."

"To na fasa tafiya. A nan zan yi arba'in ɗin cif."

"Madalla! Kwana arba'in ai kamar gobe ne."

Ta kwance tabarmarta ta shimfiɗa a kan gadona. "Wa ya ce maka kwana? Shekara."

Na buɗe baki ke nan sai na farka. Maƙwabcina ne yake ta dukan babur ɗinsa a ƙofar gida, ya ƙi tashi.