An Sa wa Na'urori Riga

Shekara biyu ina nanata wa Yayana magana ɗaya, cewa na'ura tana numfashi. Shekara biyu yana ce mini, "To Auta, an ji." Duk wanda ya san Yaya ya san in ya ce an ji, to maganar ta bi iska ke nan.

Kamfanin nasa ne, ni kuma ɗakin na'urori ne a hannuna. Sana'ar tamu ba ta da wuyar bayani. Mutum yana kwance a gidansa da 'yar wayarsa, sai ya buɗe manhajarmu ya buga wasan gem ɗin da wayar tasa ko a mafarki ba za ta iya ɗauka ba. Aikin wahalar duk a wurinmu ake yin sa, a cikin na'urori arba'in da takwas da ke jere a kabad shida na ƙarfe, hoto kawai ake aika masa ta intanet. Shi yana can yana jin daɗi, su suna nan suna ɗaukar zafi. Shi ya sa ƙofofin kabad ɗin duk huji-huji ne gaba da baya, iska mai sanyi ta shiga ta gaba, mai zafi ta fice ta baya.

A cikinsu akwai wadda nake kira Tsohuwa. Ita na fara haɗawa da hannuna a kan teburin cin abincin Mama, tun kamfanin bai mallaki ko kujera ba. Tana can saman kabad na farko, ita ke raba wa sauran aiki, fankarta kuma tana da wani gurnani da nake ganewa tun daga bakin ƙofa. Kullum da safe, kafin ma in duba ma'aunin zafi, sai na bi bayan kabad ɗin ɗaya bayan ɗaya ina ɗora tafin hannu, yadda Mama take taɓa mana goshi muna yara. Yaya yakan leƙo ya ce, "Likitan ƙarfe, ya masu jiki?" ya wuce yana dariya.

Ba zan ɓoye nawa laifin ba. Kowace na'ura tana da kariyar da ke sa ta kashe kanta in zafi ya yi mata yawa. Ana saura mako ɗaya a yi bikin buɗe manhajar ga jama'a, Yaya ya tasa ni gaba da naci, wai in cire kariyar na yini ɗaya tak, kada wata ta mutu ana tsaka da nuna wa baƙi. Na ce a'a ya fi sau goma. Amma shi ya riƙe ni tun rasuwar Baba, shi ya tsaya mini har na gama karatu, ban taɓa ƙetare maganarsa ba. Na lissafa esi biyu suna sanyaya ɗakin, huji a buɗe, na ce yini ɗaya ba zai yi komai ba. Na cire.

Ana gobe buɗewa na bar ɗakin da yamma sanyi ƙalau. Yaya ya tare ni a bakin ƙofa ya karɓi makullin.

"Da safe ke za ki ɗauko Mama," ya ce. "Kuma don Allah ki sa kayan kirki. Gobe ranar ado ce, ba ranar sukudireba ba."

Ƙarfe goma na safe manhajar ta buɗe wa jama'a, sha ɗaya kuma za a yi biki. Goma da kwata ta same mu ni da Mama a cikin cunkoson motoci, wata babbar mota ta lalace ta tare rabin titi. Sai ga saƙo a wayata daga ma'aunin zafi: digiri saba'in. Na ce ƙarya yake yi. Kafin mu matsa tsawon mota uku ya ce saba'in da takwas. Na kira Yaya sau huɗu bai ɗauka ba, na kira mai gadi.

"Baba mai gadi, ba ka ji ƙararrawa tana kuka a ɗakina ba?"

"Ta yi kuka ɗazu, ranki ya daɗe, amma an gyara."

"Wa ya gyara?"

"Matar da Oga ya kawo ta yi wa wurin ado. Zare wayar ƙararrawar ta yi, shi ke nan ta yi shiru."

Na danna hon har sai da Mama ta dafe kunne. Ta ce, "Ke Auta, hon ba ya ɗaga mota. Ki yi a hankali, ni ban shirya kwanan asibiti ba."

Bangon ɗakin na'urori na gilashi ne, Yaya ne ya ce a yi shi haka don baƙi su riƙa gani. Ina shiga zauren na hango abin da aka yi. An naɗe kabad shida ɗin nan kaf, gaba da baya, da wata leda mai ƙyalli, shuɗiya, tambarin kamfani ɓaro-ɓaro a jiki. Ko hujin allura ba a bari ba. Ƙofa a kulle, an gitta mata jan ƙyalle da za a yanka. Mai adon tana tsaye a gefe tana ɗaukar aikinta hoto, baki har kunne.

"Baiwar Allah, wa ya sa ki?"

"Oga mana. Ya ce hujin nan kamar akurkin kaji, ba zai yi kyau a hoto ba. Tun da asuba muke fama. Ba su fito ba?"

Sun fito kam. Wallahi da ba don idon mutane ba, da na zauna a ƙasa na kurma ihu.

Na iske Yaya a gaban zaure yana ta washe wa babban baƙo baki, wani dattijo mai kamfanin intanet, wanda layinsa muke amfani da shi, Yaya kuma ya daɗe yana zawarcin haɗin gwiwa da shi. Na ja hannun rigarsa.

"Yaya, ba ni makulli. Sun kai tamanin da biyar."

"Tamanin da biyar na me?"

"Zafi! An toshe musu hanci. Sai an yaye ledar nan yanzu."

Murmushin bai bar fuskarsa ba, ta gefen baki ya amsa. "Minti ashirin, Auta. A yanka ƙyalle, a yi hoto, ki yi abin da kika ga dama."

"Ba su da minti ashirin."

"Kar ki kunyata ni a gaban mutane." Sai ya juya ga baƙon ya ɗaga murya. "Ranka ya daɗe, ga autarmu, tana ɗan taimaka mana da na'urori."

Ɗan taimakawa. Na koma gefe, na gwada kashe na'urorin ta waya. Amma duk umarni ta hannun Tsohuwa yake bi, ita kuma ta daina amsa mini. Ta gilashi ma ina jin fankokin suna kururuwa, nata gurnanin ya koma wani irin kuka da ban taɓa ji ba.

Aka miƙa wa babban baƙo waya, aka haska wasan tseren mota a babban allo. Da farko motar ta tafi sumul, aka yi tafi. Can sai ta tsaya cak a tsakiyar titi, ta yi tsalle ta bayyana a gaba, ta sake daskarewa, ta faɗa jikin katanga. Dattijon yana ta murɗa wayar hagu da dama kamar sitiyari. A bayan zaure mai amsa kiran abokan ciniki ta ɗaga mini wayoyi biyu, duka suna ruri, fuskarta kamar za ta yi kuka.

Yaya ya karɓi lasifika. "A yi haƙuri jama'a, 'yar matsalar netwok ce."

Dattijon ya sauke wayar a hankali ya dube shi. "Netwok ɗin wa?"

Wani ɗan jarida ya tuntsire da dariya. Ma'auni ya ce casa'in da huɗu.

Babban makunnin wutar ɗakin yana cikin wani akwati a lungun bayan zaure, kusa da inda ake ajiye tsintsiya da bokiti. Na tsaya a gabansa. Na san in na ja shi, na tsinka Yaya a gaban baƙonsa da 'yan jarida da Mama. In ban ja ba, zan tsaya ina kallo aikin shekara biyu ya dahu a cikin leda. Na tattare hannun rigar adon da aka sa ni sawa, na ja shi ƙasa da hannu biyu.

Allon ya yi baƙi. Fankoki suka yi shiru, sai ga wani ƙauri yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofa.

Da na dawo zauren Yaya ya riga ya gane. Idanunsa sun kaɗa, ya taso mini. "Ke! Kin san abin da kika yi kuwa?"

"Makulli, Yaya."

"Ni za ki..."

"Kai, ba ta makullin," in ji Mama daga kujerarta. Ko murya ba ta ɗaga ba.

Ya ba ni. Na fizge jan ƙyallen na yar, na buɗe ƙofa, wani hucin zafi ya buge mu har na bayanmu suka ja da baya. Na gaji da faɗa. Na kama wuyan hannunsa na ja shi bayan kabad na farko, na yage ledar, na ɗora tafinsa a inda nake ɗora nawa kullum. Bai yi daƙiƙa ɗaya ba ya fizge yana yarfe hannu yana salati. Ya dubi tafin, ya dube ni, sannan ya sa ɗayan hannun ya shiga yage ledar nan kamar ita ta yi masa laifi. Mai ado tana daga ƙofa tana cewa a bi a hankali, ai za ta sake amfani da ita.

Sai bayan awa biyu suka huce na fara kunna su ɗaya bayan ɗaya. 'Yan jarida sun watse, sun sami labarin da ya fi wanda aka gayyace su ɗauka. Arba'in da uku suka tashi. Biyar ba su tashi ba, duk na saman kabad, inda zafi ya taru. Na danna Tsohuwa sau uku, na ciro ta na buɗe, na ga inda ya ƙone ya yi baƙi. Na zauna a ƙasa da ita a cinya, da kayan adona da komai.

Babban baƙon bai tafi ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon tarin leda, Yaya a gefensa da hannu a cikin kofin ruwan sanyi.

"To, yanzu yaushe za ku sake buɗewa?" ya tambaya.

Yaya ya buɗe baki, na san gobe zai ce, don shi komai gobe ne. Sai ya dubi kofin.

"Ranka ya daɗe, sai dai a tambayi Injiniya," ya ce.

Shekara biyu nake jiran in ji wannan kalma daga bakinsa, na sha zaton ranar da na ji ta zan yi rawa. Ko kaɗan ban ji daɗi ba. Na ce wa dattijon mako biyu, kuma yau ɗin nan zan mayar da kariyar da na cire, ba wanda zai sake sa ni taɓa ta. Yaya ya gyaɗa kai, bai ce an ji ba. Na mayar wa Tsohuwa murfinta na ɗaure kusoshinta huɗu. Da a ce zaɓi aka ba ni, da na gwammace ya yi ta kirana Auta har tsufana, ita kuma in shigo gobe da safe in ji gurnaninta tun daga bakin ƙofa.