Ba Albasa Ba Ce

A bakin garin Madawa, ta hanyar da ke zuwa Buza, akwai masana'antar da ake yanka albasa a shanya ta a yi gabu na miya. Kowa izin yake ce mata. Marigayi Alhaji Ɗanasabe ne ya kafa ta, tun Bulus yana saurayi mai ɗaukar buhu. A bayanta akwai fili inda manyan motoci ke juyawa, kuma nan ne ma'aikata suka fara buga ƙwallo in an tashi aiki, da duwatsu a madadin raga. Wata rana Alhaji ya tsaya ya kalle su har ya manta inda za shi. Da mako ya zagayo sai ga riguna masu launin ɓawon albasa, da suna a baya: Tauraron Gabu. Sunan bai bi bakin mutane ba. 'Yan Gabu kawai ake cewa.

To, filin nan yana da wani hali. Rumfar da mata ke yanka albasa tana daf da shi, kuma da yamma iska daga can take busowa. 'Yan gida idonsu ya riga ya saba. Baƙi kuwa, ko daga Keita suka zo ko daga Ƙonni, kafin a je ko'ina sun fara murza ido, mai tsaron gidansu yana neman ƙwallo cikin hawaye. Har aka sa wa wurin suna Filin Kuka. Bulus ya ci ƙwallaye a filin nan har ya daina tunawa da wasu. Amma duk inda aka ambaci sunansa a gindin shayi, sai wani ya ce, "Bulus ya buga, albasa ta ci."

Yakan yi dariya da su. A ransa kuwa abin yana cin sa, domin gaskiya ne in sun fita waje ba kasafai suke dawowa da murna ba.

Shi ma dai yana da nasa amfani da albasa. Mutum ne mai saurin hawaye, kuma ba ya so a sani. Ranar da aka kai Alhaji makwancinsa, cewa ya yi iskar izin ce. Ranar auren 'yarsa Ƙauna, cikin majami'a, nesa da izin, ya ce ai warin yana jikin rigarsa. Matarsa Tabita, wadda ita ta wanke rigar, hankici kawai ta miƙa masa.

Shekaru suka tafi. 'Ya'yan Alhaji suka riƙe izin, suka riƙe ƙungiya. Aka fara ɗauko samari daga Tama da Dewule da Ibohaman, ƙwallo ta zama ita ce aikinsu, ba sa taɓa buhu. Bulus ya zama mai horar da su. Sababbin nan idonsu bai saba ba, ranar farko sai su yi ta karo da juna. Sai ya koya musu dabarar da ta rage: in ba ka gani, ka yi magana. Kowa ya kira sunan ɗan'uwansa, ya faɗi inda yake. Shi ya sa in 'Yan Gabu na wasa, sai ka rantse kasuwar Madawa ce ke ci.

Bana suka hau babban rukuni na ƙasa. Masu duba filaye suka zo daga Yamai cikin fararen riguna, suka zagaya Filin Kuka, suka koma mota suna fyace hanci. Hukuncinsu gajere ne: ba a nan ba. Sai dai babban filin gari, mai katanga da wurin zama, inda ba warin komai.

Gari ya ɗauka. Aka ce yanzu za a gane wanda ke cin ƙwallo tun zamanin Alhaji.

Ana saura kwana kaɗan a karɓi baƙin farko, wata ƙungiya daga Yamai, Idrisa ya zo gidan Bulus. Idrisa direban motar izin ne, tare suka fara ɗaukar buhu, kuma shi ne shugaban magoya baya don ba wanda ya kai shi murya. Ya zauna a tabarma, ya jawo kwanon furar da ba a ba shi ba.

"Bulus, na gama shiri. Zan ciko mota da albasa, in aje ta bayan katanga wajen ragarsu. Mata sun yarda, kowace da wuƙarta. Iska kawai muke roƙo."

"Kai dai ba ka da kunya."

"Kunya? Da ita munka ci Keita? Da ita munka ci Ƙonni? Kai kanka, da ba don matan nan ba, wa ya san ka?"

Maganar ta taɓa Bulus inda ke ciwo, kuma abin haushi, dabarar ba ta yi masa muni ba. Ya ce zai yi tunani.

Tabita tana gefe tana tsince wake. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Baban Ƙauna, in kun ci da motar Idrisa, wa ya ci?"

"Mu mana," in ji Idrisa.

"Ba kai na tambaya ba, Malam Idi. Sha furarka."

Sai Bulus ya ce, "Idrisa, ko ɓawo kar ya shiga hilin nan. In an ci mu, a ci mu. Ina so in sani kahin in tsuhwa."

"Ka riga ka tsuhwa," in ji Idrisa, ya shanye furar ya tafi yana ƙunƙuni.

Ranar Asabar bayan la'asar gari ya cika fili. Bulus ya sa masu tsaron ƙofa su duba kowa. Mai tsire ya yi rantsuwa ya yi magiya, amma sai da ya bar albasarsa a waje, ya shiga da yaji kaɗai. Matan izin suka zo da zanen fita, sun yi wanka sun shafa turare, har mazajensu na waiwaye. Idrisa ya ɗaga hannuwa sama aka laluba aljihunsa, ya wuce yana gyara hula.

Aka busa. 'Yan Gabu suka shiga kamar baƙi a gidan biki. Idonsu tar, suna ganin komai: jama'a, tutoci, masu ɗaukar hoto, takalman 'yan Yamai masu ƙyalli. Bilal, ɗan Ibohaman, wanda shi ne ɗan gabansu, ya tsaya yana neman inda mahaifiyarsa ta zauna har ƙwallo ta wuce ta gabansa. Ba a jima ba baƙi suka zura ɗaya. 'Yan tsirarun da suka biyo su daga Yamai suka fara tafi suna rerawa, "Ina albasa? Ina albasa?" Abin da ya fi ƙona Bulus, wasu 'yan gari ma dariya suke yi.

Ya tsaya bakin layi, hannu a baya. Wani abu ya dame shi, ya rasa mene ne, sai can ya gane. Yana jin ƙarar takalmi. Yana jin numfashin alƙalin wasa. Bai taɓa jin waɗannan ba a wasan yaransa.

Da aka tafi hutu suka zauna a inuwar katanga, kowa ya sunkuyar da kai. Bulus bai yi faɗa ba.

"Bilal, an yi maka rasuwa ne?"

"A'a, Baba."

"To mi ya kama bakinka? Ku duka. Ido ya buɗe, baki ya mutu. Tun da anka busa ban ji wanda ya kira wani ba. Ku ƙyale kallo, ba ku anka kawo ku kalla ba. Ku koma ku cika mini kunne."

Suka koma. Da farko murya ɗaya ce, ta mai tsaron gida. Sai ta biyu. Kafin wani lokaci kasuwa ta ci: "Bayanka!" "Ga ni hagu!" "Sake ta, sake ta!" "Kai ɗan Tama, barci kake?" Ƙwallo ta fara yawo daga ƙafa zuwa ƙafa ba tare da mai ita ya ɗaga kai ba. 'Yan Yamai suna bin ido, su kuwa suna bin kunne. Wani ya ƙwala wa Bilal kira daga gefe, Bilal ya tura masa ƙwallo da dunduniya bai ko waiwaya ba, aka dawo masa da ita, ya saka ta a raga.

Idrisa ya yi ihun da ya tashi tantabarun katanga.

Ƙwallo ta biyu ba ta da kyau ko kaɗan. Rana ta yi ƙasa, an taru a gaban ragar baƙi ana ta hayaniya, kowa na kiran kowa, ƙwallo ta bugi gwiwar wani ta gangara ciki a hankali kamar mai jin kunya. Amma ta shiga. Alƙali ya busa tashi ba da daɗewa ba.

Jama'a suka ɓarke cikin fili. Matan izin suna guɗa, mai tsire yana raba tsinke kyauta yana cewa da albasa da ya fi haka daɗi. Bulus ya zauna a benci shi kaɗai, ya ga filin yana rawa a idonsa. Ya sa hannu ya share hawaye, wani ya sake zubowa.

Tabita ta iso ta tsaya kansa.

"Baban Ƙauna, lahiya?"

"Albasa ce," ya ce, don bakinsa ya saba.

"Wace albasa? Ba kai ka hana ta shiga ba?"

Ga yaransa sun nufo shi a guje, ga mai ɗaukar hoto a bayansu. Sai Idrisa ya faɗo kan bencin yana haki, murya ta dushe. Ya dubi fuskar abokinsa, ya dubi masu zuwa. Ya cire hularsa, ya zaro wata 'yar albasa da ta sha zufa tun azahar, ya danƙa masa a hannu.

"Riƙe wagga, tsoho, kar a gane ka."

Bulus ya jujjuya ta a tafin hannu, yana dariya hawaye na zuba. Sannan ya mayar da ita cikin hular Idrisa, ya miƙe ya tari yaransa da fuskarsa yadda take.