Gardamar Hannun Hagu

Shekarar da aka yanke layin waya a yankinmu, ina gidan mahaifina a Sabon Birni, ni da ɗiyata Firdausi wadda lokacin take koyon tsayuwa. Mijina Zayyanu yana kudu wurin sayar da albasa. Kafin ya tafi, shi da kansa ya ɗauko mu daga Tsamaye, don ƙauye ya daina kwanuwa saboda mutanen daji. Mahaifiyata ta daɗe da rasuwa. Mu uku ne a gidan, ni da yarinya da Baba Wada, sai ƙaramin rediyonsa mai cin memori.

Baba ba ya sauraron abin da tsofaffin unguwa suke saurare. Jaz yake ji, shi ma na fiyano, wanda babu mai buɗe baki a ciki. A Maraɗi ya samo shi yana saurayi, lokacin da yake yaron babbar mota tare da abokinsa Atiku, mutumin garin Isa. Akwai wani makanike ɗan Sanagal da suke yada zango a garejinsa, mai tarin faifai. Kiɗan ya tashi daga faifai ya koma kaset, ya bar kaset ya shiga memori, gardamar da suka soma a garejin kuwa ba ta motsa daga inda take ba.

Baba ɗan suwin ne, tsohon salon da ake rawa da shi. Baba Atiku ɗan bibob ne, salon da ya biyo baya, mai gudu da kwana-kwana. Makaɗan Amurkawa ne, suna da sunayensu, amma ban taɓa jin an kira su da su a zaurenmu ba. Gwanin Baba shi ne Mai Lugude, saboda hannunsa na hagu da ke sauka ƙasa ya hau sama kamar mata biyu a turmi ɗaya. Yana kuma son wani da suke kira Marowaci, wanda zai taɓa fiyano sau kaɗan ya bar mutum da kwaɗayi. Na Baba Atiku su ne Zabo, mai gudun da ba a tare shi, da Mai Tuntuɓe, wanda ni har yau gani nake kuskure yake yi, su kuma suna cewa da gangan ne.

Da, in wannan bai zo ba wancan zai je. Tun ina ƙarama nake kai musu shayi ina jin suna kiran juna kurma. Da hanyar Isa ta lalace, aka kuma yanke waya, sai zauren ya koma na mutum ɗaya. Baba zai kunna Mai Lugude, in an zo wurin da yake so ya ɗaga yatsa ya juya gefen dama, ya tarar da bango. Maƙwabta in sun leƙo sai su ce, "Malam Wada, ana nan ana jin kiɗan Nasara?" su wuce. Tuwon da nake kai masa ya soma dawowa rabi.

Ni ba na jin komai a kiɗan nan, amma na san mutumin da ya daina cin abinci. Sai na yi dabara. Akwai Muntaka direba, ɗan unguwarmu, magidanci, wanda ke kai fasinja Isa duk ranar da motoci suka samu rakiyar jami'an tsaro suka tafi a jere. Na ce wa Baba ya kunna kiɗan ya yi maganarsa, ni kuma in ɗauka da wayata, tunda ba ta da wani aiki yanzu, in sa a memori Muntaka ya kai.

Ya gyara zama kamar mai shiga gidan rediyo.

"Atiku, kurman Isa, buɗe kunnenka. Ka ji hannun hagun ga? Shi ke riƙe da gida. Ƙasa, sama, ƙasa, sama, ba ya fashi. Mutum guda, amma ka ce mutum uku anka tara. Naka fa? Ya aje hannun hagu kamar wanda anka yi ma ɗori, ya saki na dama shina ta gudu cikin gonar mutane."

Firdausi ta yi kuka a tsakiya, ya ce a bar shi haka, ta fi Zabo iya waƙa.

Amsa ta zo da dawowar Muntaka. Surayya, ɗiyar Baba Atiku, ita ta ɗauka masa. Aka fara da Zabo yana ta sheƙa gudu, sannan muryar tsohon ta shigo.

"Wada, mai son hanyar da jaki ya sani. Wanga naka, tun bai zauna ba na san inda hannunai za ya sauka. Zabo ko shi kansa bai san inda za shi ba sai ya isa. Hannun hagun da kake cewa ya mutu, gyaran murya yake, shina ce ma na dama, tafi, ina nan bayanka. Amma mi za ni gaya ma wanda ya tsufa tun shina yaron mota?"

Ranar Baba ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari. Na ɗauka na gama aiki.

Saƙo ya je ya dawo, ya je ya dawo, sai na lura abin ya soma ci masa rai ta wata fuska. Yana sauraron abokinsa yana daka wa rediyo tsawa.

"Ƙarya ne! Tsaya nan! Lailatu, tsai da shi!"

In na tsayar, sai ya kalli rediyon.

"Ba a gardama da akwati," ya ce. "Mutum na faɗin ƙarya, ba ka iya katse shi, ba ka ganin idonai. Za ni Isa."

A makon ne aka tare wata mota a kan hanyar, aka shiga daji da mutanen ciki. Cikinsu har da mijin wata da muke ɗibar ruwa tare. Na faɗa wa Baba, ya ce Allah ya kuɓutar da su, sannan ya tambaye ni ko an wanke farar rigarsa.

Tsoho ne mai ciwon gwiwa. Ko cewa aka yi ya ruga ba zai iya ba, balle tafiyar daji. Kuma in ba shi, ba ni da kowa a garin nan. Na yi ta juya abin ina tankaɗe, har na ga kamar mai sauƙi ne: abin da ke jan sa Isa gardama ce, to a kashe gardamar. Da Muntaka ya zo karɓar memori na bi shi ƙofar gida.

"Yaya Muntaka, saƙo gare ni, na baka, wurin Surayya. Ta roƙi babanta ya ce Baba ya yi gaskiya. Sau guda kawai. In an bar mai, ya huce ya zauna gida."

"Ke Lailatu, ki raba tsofaffi da abincinsu?"

"Fiyano ne fa, ba gona ba. Wa ya taɓa mutuwa don an ce hannun hagu ya fi na dama?"

Ya yi dariya ya ce zai faɗa.

Amsar ta iso da hantsi, ina ɓare gyaɗa a bakin zaure. Na sa memorin na koma kan tirena ina ɓoye murmushi. Babu kiɗan da ya fara. Muryar Baba Atiku ce kai tsaye, a hankali.

"Wada, na zauna na sake sauraren Mai Lugude. Kai ke da gaskiya. Hannun hagun nan babu irinai, su Zabo duk bayansa suke. Na bar maka. Abin da na gaggaya maka shekarun ga, ka yafe mani."

Na tafa. "Baba, ka ci! Yau sai a dafa kaza."

Bai dube ni ba. Ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Bai sa kiɗi ba," ya ce. "Bai ce mani kurma ba."

"To ai ya sallama ne."

"Ke yarinya ce. Kakanki ya yi shekaru shina rigima da maƙwabcinai kan iyakar gona, kunya biyu tak. Ranar da ya aika anka kira mutumin ya ce na bar maka, ka yafe ni, mu duka munka san mi ke nan. Mutum ba ya sakin abin da ya riƙe tun ƙuruciya sai in ya ji ana kiran sa. Atiku bankwana yake yi mani."

Gyaɗar ta zube daga cinyata. Na san al'adar, a cikinta na tashi. Na ga tsofaffin mata suna aikawa gida gida neman gafara in ciwo ya yi nauyi. Ban dai taɓa kawo wa raina cewa kiɗan fiyano yana cikin abubuwan da ake saki ba.

Nan take na faɗa masa komai: ni na aika, ni na roƙa, don kada ya hau hanya. Na zaci zai yi faɗa, na ma fi son ya yi. Sai ya kalle ni ya ce:

"Na ji, kuma na san don mi kinka yi. Amma ke kin aika a ce ya bar mani gardama. Wa ya aika a ce ya nemi gafara?"

"Ƙila ya ƙara ne don ka yarda."

"Atikun da na sani, ko Surayya ta cika ƙwarya da hawaye, cewa za ya yi a gaya ma Wada ya zauna gida da kurumtarsa. In har ya yarda ya faɗi wagga magana da bakinai, akwai abin da ke cikin jikinai."

Babu wayar da za a kira a ji. Na goya Firdausi na tafi gidan Muntaka na tambaye shi ko ya ga Baba Atiku da idonsa. Ya ce a'a, Surayya ce ta miƙo memorin daga ƙofa, shi kuma yana sauri. Na ce to in Baba ya zo ya ce masa mota ta cika.

"Wannan kam ba ni yi," ya ce. "In hana dattijo gaida abokinai, in ta Allah ta kasance bai gan shi ba, da wane ido za ni dube shi? Ke ma ba ki iya ɗaukar wanga."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji haushinsa.

Tunda na kasa hanawa, sai na koma ga abin da na iya. Na ɓoye farar rigar na fito da tsohuwa mai faci, don kada a ga alamar mai hali. Na karɓe agogonsa. Na dama fura na zuba a gora, na ƙulla masa maganin hawan jini a gefen aljihu. Na roƙi Muntaka ya sa shi tsakiya, kada ya bar shi bakin taga. Baba bai yi musu da ko ɗaya ba, sai da na ce ya bar rediyon. Ya rungume shi a hammata ya ce na Atiku ba ya fitar da hannun hagu da kyau.

Na raka su tasha. Motocin suka tashi a jere, ina tsaye da goyo har na daina ganin ta ƙarshe.

Gidan ya yi faɗi. Ban san kiɗan nan yana cika wuri ba sai da babu shi. Ina shara ina jin tsintsiya, ina daka ina jin taɓarya, Firdausi na rarrafawa zaure ta leƙa ta dawo. Ranar da ya kamata Muntaka ya juyo, motoci ba su taso ba, an ce ba a samu rakiya ba. Kullum da safe sai in je tasha in tsaya gefen mai ƙosai kamar mai jiran saye. Kowa da labarinsa: wani ya ce an ji harbi wajen wani ƙauye, wani ya ce ba a ji ba. Babu wanda zai ce mani ya ga tsoho mai rediyo.

Sai wata azahar na ji sallamar Muntaka. Na fito babu ko mayafi. Shi kaɗai ne.

"Kwantar da hankalinki, mun isa lafiya," ya ce tun ban tambaya ba. "Har ƙofar gida na kai shi. Malam Atiku na kishingiɗe a inuwa, da ya gan shi sai ya ce, wa ya bar kurman ga ya hau hanya? Ya ce ma Baba, na yi ƙarya don ka zauna gida, ashe ko ƙarya ba ka ji. Baba bai cire takalmi ba sunka fara. Ni dai na baro su ana cewa a maido wani wuri a sake ji."

Na zauna a dokin ƙofa. "To lafiyarsa lau ke nan."

Muntaka ya sosa ƙeya. "Bakinai lafiya lau. Amma ƙafafu sun kumbura, ya rame, Surayya ta ce tuni ya bar zuwa masallaci. Baba ya ce a gaya maki ba ya dawowa yanzu. Ya ce ki aiko mai da man gwiwa da bargo."

Na shiga ɗakin Baba na naɗe bargon, na nemo man a bayan tukunya, na haɗa da ɗan yajin da na daka, don na san ba ya cin miyar wani gida sai da shi. Firdausi ta kama ƙafar gado ta miƙe tana kallona. Na kawo ƙullin na miƙa.

"Sai saƙon baka," in ji Muntaka. "Mi za ni ce mai?"

Abin da ke bakina shi ne yaushe. Na haɗiye shi, don dawowa ma hanyar nan ce.

"Ka ce muna lafiya, ba mu rasa komi ba. Ka ce ya zauna nan. Kada ya hau hanya don mu."