Ruwan da Ya Tafasa Mata

Ni na fasa wa mijina kai da sifana, ƙarfen nan na kwance noti. Ban taɓa musu ba, kuma duk mai son jin ba'asi ya zauna ya ji daga bakina, ba daga bakin matan layinmu da suka tsaya leƙe ta taga ba.

Ƴarmu ɗaya ce. Tsuntsuwa muke ce mata saboda surutu. In ina kan keken ɗinki sai ta haye benci kusa da ni ta yi ta zuba mini labarin kyanwar maƙwabta har in ce, "Ke, don Allah bar kunnena ya huta." Da ta shiga shekara ta huɗu sai bakin ya fara mutuwa. Yau ciwon ciki, gobe amai, abinci kuwa sai an yi dambe. Kalmomin da ta sani suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya, har ya zama in tana son abu sai dai ta nuna da yatsa. Ran da ta faɗi a tsakar ɗaki tana shure-shure, idanu a kafe, na saɓe ta a kafaɗa na yi asibiti ko takalmi ban tsaya sawa ba.

Aka ɗebi jininta, aka ce in kawo ruwan da muke sha a kwalba. Bayan mako guda likitar ta zaunar da ni, wata doguwar mata marar son wasa, ta ce, "Dalma ce a jinin ƴarki, kuma tana cikin ruwan rijiyarku. Mijinki wace sana'a yake yi?"

Na gaya mata. Shagon mijina bayan katangarmu yake, taku goma daga bakin rijiyar da injinmu yake jan ruwa zuwa tanki. Tsofaffin baturan mota yake fasawa da gatari, ya tsiyaye ruwansu a kwata, ya narka dalmar a tukunyar ƙarfe. Shekara tara ke nan yana yi, duk unguwa Mai Batir suke ce masa.

Likita ta yago takarda ta fara zana mini. Ta ce maganin nan da ake ɗigawa a ruwa ƙwayoyin cuta yake kashewa. Tukunyar tacewa mai farin dutse kamar kyandir a ciki ita ma haka, sai dai ta ƙara da cire laka. Dalma kuwa ba ta da rai balle a kashe ta, ta cikinsu za ta wuce abinta. Abin da zai tare ta shi ne injin da ake ɗaurawa a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, mai kwalabe uku da wani siririn tantani da ake matsa ruwa ta cikinsa. Ta ce kayan aikin mijina ma su daina shigowa ɗaki.

Na ce, "Ai tafasa mata nake yi, likita. Sau biyu ma."

Ta ajiye biro. "To ki rufa wa yarinyar nan asiri ki daina. Ruwan ne yake tashi ya bi iska, dalmar tana nan zaune a buta, ƙara yawa ma take yi a ɗan abin da ya rage."

Wallahi da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Ni da nake tsayawa a kan wuta ina jiran ya yi ta ɓararraka don ƙauna, ashe gubar nake dafa wa ƴata.

Na koma gida na shimfiɗa wa Baban Tsuntsuwa takardar a gabansa. Ya kalle ta ya daɗe, sannan ya ture ta da bayan hannu ya ce, "Tsutsar ciki ce. Duk yara suna yi."

Washegari ya shigo da wata ƙatuwar butar ƙarfe sabuwa fil. Da aka sake kwana ya shigo da kwalbar maganin ɗigawa. Kwana uku bayan nan sai ga shi da tukunya mai kyandir a ka, yana haki, ya dire ta a kicin ya ce, "Ga su nan uku, zaɓi wanda kike so. Ni ban hana ki ba."

Na ce, "Na huɗun nake so."

"Babu na huɗu a gidan nan."

Ba jahili ba ne, kada wani ya ce jahili ne. Ya gane sarai. In ƙwayoyin cuta ne, to ba laifin kowa ba ne, daga Allah ne. In kuwa ya yarda aka ɗaura injin nan, to ya sa hannu ke nan a kan cewa gatarinsa ne ya cinye bakin ƴarsa, kuma kullum ya shiga kicin zai gan shi yana kallonsa. Na sayo ruwan kwalba na ɓoye a bayan keken ɗinki ina ba ta a sace. Da ya gano, ya fito da kwalaben tsakar gida ya bi su da ƙafa ɗaya bayan ɗaya suna fashewa, yana ihu wai na mai da shi makashi a idon mai kanti. Na ce masa ai ba mai kanti ba ne ya faɗi yana shure-shure. Ya ɗauke ni da mari har kunnena ya yi kwana biyu yana ƙara. Na wurga masa almakashi, Allah ya taimake shi ya kauce, ya kafe a ƙyaure.

Da can ba haka yake ba, abin da ke ci mini rai ke nan. Mutumin da yake zama ya zura mini zare a allura in idona ya gaji. Likita ta tambaye ni ko yana da saurin fushi, ko hannunsa yana rawa, ko akwai baƙin layi a dasashinsa. Duk akwai. Abin da yake cin ƴar, shi yake cin uban.

Kullum da safe shi yake tafasa ruwan da kansa, ya fifita, ya zuba a jan kofinta na roba ya ba ta da hannunsa. Ni kuwa ina tsaye ina haɗiye zuciya. Amma na lura da abu guda. Makon farko cike yake ba ta. Mako na biyu rabi. Daga baya sai ya zuba ɗan kaɗan a gindin kofi, ta kurɓa, ya yi maza ya karɓe ya ce, "Ya isa haka, uwata."

Na kira yayana. Mai gyaran famfo ne, gajere mai faɗin ƙirji, ba ya son mijina tun ran ɗaurin aure kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Da hantsi, bayan Baban Tsuntsuwa ya zagaya shago, sai ga Yaya da kwali a kafaɗa da jakar kayan aiki. Ran nan tun safe na yi dabara na zubar da ɗan abin da uban ya ba ta, na ce ta yi haƙuri, yau ruwa mai kyau za ta sha.

Yaya ya kwanta rigingine a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ƙafafunsa kaɗai ake gani. Ya huda, ya ɗaure, ya jona tiyo, yana yi yana tsokanata. "Ke da kika ce kin samu mai sana'a, ga sana'a nan ta biyo ki har cikin kofi." Na ce ya yi aikinsa ya bar mini iyayi. Kwalabe uku farare suka jeru a bango, ƙaramin famfo ya tsaya kusa da babba. Ya ce sai an bar ruwan farko ya zube tukuna kafin a sha. Muna tsaye muna kallon yana ɗiga, Tsuntsuwa ta riƙe jan kofinta tana jira.

Ƙarar injin huda bango ce ta tona mu. Ban ji shigowarsa ba, sai inuwarsa na gani a ƙofar kicin, hannunsa riƙe da ƙarfen da yake ɓalle murfin batir.

"Wa ya ba ka izinin taɓa mini bango?"

Yaya ya ce daga ƙasa, ko leƙowa bai yi ba, "Wanda ya ba ka izinin zuba wa ƴar ƙanwata guba."

Shi ke nan. Ƙarfen ya sauka a kan kwalbar farko ta tarwatse, ruwa da baƙin gawayi suka fantsamo mini a fuska. Ya sake ɗagawa ya sauke a ta biyu. Na rarumi hannunsa, ya yarfar da ni na bugu da firji, kafaɗata ta amsa. Ya finciko tantanin da tiyonsa gaba ɗaya daga bango ya taka, bututu ya ɓalle, ruwa ya fara feshi har rufi. Sannan ya kamo ƙafar Yaya ya jawo shi waje kamar buhu.

Yaya ba kanwar lasa ba ne. Ya miƙe da kai ya sakar masa karo a haɓa, na ji haƙora sun haɗu ƙas. Suka rungume suka faɗa kan tebur, tebur ya karye, farantai suka watse, tukunya mai kyandir ta faɗo ta rabe biyu. Naushi ta ko'ina. Yaya ya tofar da haƙori guda da jini. Ina ihu ina cewa ku bari, ku bari don girman Allah, ina! Ko jina ba sa yi. Santsin ruwa ya kwashe Yaya ya faɗi, kafin ya tashi mijina ya haye ƙirjinsa ya danne da gwiwa, ya jawo tiyon injin ya naɗa masa a wuya ya ja.

Na ga idon Yaya ya firfito. Na ga dugadugansa suna dukan ƙasa cikin ruwa, fat, fat, fat, irin shure-shuren da Tsuntsuwa ta yi ran nan. Na kira mijina da sunan da ban taɓa kiransa da shi a gaban mutane ba, bai waiwayo ba. Idonsa ya rufe. Sifanar Yaya tana nan kusa da ƙafata, babbar, mai jan hannu. Na ɗauka da hannu biyu na sauke masa a ƙeya.

Ya saki tiyon ya kife gefe. Jini ya ɓalle ya bi wuyansa ya shiga riga, ruwan ƙasa ya koma ja-ja. Yaya ya mirgina yana tari kamar zai amayar da hanjinsa. Ni kuma na tsaya da sifana a hannu ina jiran ya tashi in ƙara masa, wallahi da niyyar haka na tsaya, ba zan yi ƙarya ba.

Ya tashi zaune da ƙyar, ya dafe kai, ya kalli tafin hannunsa. Sai a lokacin muka gan ta. Tsuntsuwa tana bakin ƙofa inda muka bar ta, ba ta gudu ba, ba ta yi kuka ba, ta ga komai. Ta ɗaga jan kofin ta nuna bakinta da yatsa. Tun safe ba ta sha komai ba.

Raina ya gama ɓaci. Na fizge kofin daga hannunta, na ɗauko butarsa da ke kan murhu da ruwan da ya tafasa da safe, na cika kofin har yana zuba, na cusa masa a hannu.

"Ga shi, ba ta. Ruwanka ne, kai ka tafasa. Ba ɗan kurɓi a gindin kofi ba, Baban Tsuntsuwa, na ga abin da kake yi. Tunda tsutsar ciki ce, ta shanye duka ina kallo."

Yarinyar ta tako cikin ruwa da fasassun farantai ta zo gabansa ta buɗe baki, yadda ta saba kullum. Ya ɗaga kofin, ruwa yana zuba a kan wandonsa. Ya kai shi kusa da leɓenta. Ta miƙo wuya. Sai ya ɗaga hannu sama inda ba za ta kai ba.

Ta yi tsalle, ta kama hannun rigarsa, ta fara kuka marar kalma ko ɗaya, tana dukan ƙirjinsa da ƴan hannuwanta. Ya yi wurgi da kofin ya bugi bango. Ya rarumi butar ya maka ta a ƙasa har ta lotse. Ya waiga dama, ya waiga hagu. Bututu yana feshi, ƙasa ta cika har idon sawu, tanki cike a kan rufi, rijiya cike a tsakar gida, kuma duk gidan babu cokali ɗaya da zai iya ba ƴarsa.

Ya ce da ni, "Ina na kwalbar?"

"Kai ka tattake su."

Ya fita da gudu ba takalmi, jini na bin bayansa, matan layi suka dare suka ba shi hanya. Yaya ya rarrafa ya kashe ruwan daga babban makunni, ya ɗago tantanin da aka taka ya jujjuya, ya ce da ɗan abin da ya rage masa na murya, "Wannan ya tashi aiki."

Mijina ya dawo da kwalba biyu a ƙirji. Ya durƙusa a gabanta yana kokawa da murfin, ya kasa buɗewa, sai ni na karɓa na buɗe na miƙa masa. Ya ce, "Zo, uwata. Zo ki sha, wannan mai kyau ne."

Ta kalli kwalbar, ta kalli jinin fuskarsa, ta zagayo bayana ta cusa kai a zanena. Sai da na karɓa na ba ta da hannuna sannan ta sha, tana sha tana shessheƙa.

Ɗinki bakwai aka yi wa mijina a ƙeya. Ya rufe shagon, shi ma yana karɓar magani. Yaya ya dawo ya ɗaura wani injin, ya tattara kayansa ya tafi. Kalmomin Tsuntsuwa kaɗan sun dawo, likita ta ce kada in sa rai da duka. Kullum da safe ubanta yakan tari ruwa a ƙaramin famfon, ya cika jan kofin, ya miƙa mata. Wata biyar ke nan, har yau sai ya ajiye a ƙasa ya ja da baya take ɗauka.