Kiɗan Baba a Cikin Yashi

Saura ƙiris ta fasa rubutawa. Layi biyu ne kacal za ta sa a ƙarƙashin kiɗan, amma ta rubuta ta goge, ta sake rubutawa ta goge, har yatsanta ya bar gumi a gilashin wayar. Karatunta bai yi nisa ba, tana tsoron baƙin mutane su yi wa rubutunta dariya. Daga ƙarshe ta bar maganar yadda ta zo mata: wannan kiɗan babana ne, ya yi shi tun ba a haife ni ba, kaset ɗin ya kusa mutuwa, in akwai mai iya yi masa zane don Allah ya taimaka. Ta danna, ta kife wayar a cinya kamar wadda aka kama da hannu a tukunya.

Aikinta ɗaura maɓalli ne a wani shagon ɗinkin kayan 'yan makaranta. Teloli suna gaba da kekunansu, ita kuwa tana can ƙurya kusa da teburin guga, gwangwanin maɓallai a gabanta, tulin riguna a gefe. Mai shagon ba ta hana taɓa waya lokacin hutun rana, amma ta hana ƙara, ta ce ta kekuna ma ta ishe ta ciwon kai. Saboda haka kullum wayar yarinyar ba ta da murya. Bidiyon mawaƙa ba ya yi mata daɗi a haka, mutane ne kawai suke ta buɗe baki kamar kifi a kwano.

Wata rana tana ta ja da yatsa sai ta faɗa wani dandalin intanet inda makaɗa ke ɗora kiɗansu kyauta, masu zane kuma su ɗauka su yi masa zane mai motsi. Wani da zare yake nasa, wani da yankakkun takardu, wani kuwa ɗigo ne kawai masu tsalle a kan baƙin fili. Tana kallon wani jan ɗigo yana faɗowa yana tashi, sai ta tsinci ƙafarta tana bugun ƙasa. Ba ta jin komai, amma ta san inda ganga ta faɗi da inda ta ɗauke. Tun daga ranar abincinta yake hucewa kafin ta tuna da shi. Ba ta taɓa ce wa kowa uffan a dandalin ba, kallo kawai take yi, kamar mai leƙen gidan biki ta katanga.

Babanta mai gyaran rediyo da sifika ne, yana da rumfa a bayan tashar mota. Da ƙuruciyarsa ya kaɗa jita, shi da abokansa, har suka ɗauki kiɗa guda ɗaya a kaset guda ɗaya, sannan rayuwa ta raba su. Da wannan kiɗan ta tashi. In yana narka dalma fitonsa yake yi, in yana wanke hannu shi ne, in ta yi kuka tana ƙarama da shi yake lallashinta. Amma an kwana biyu ya daina fiton, ya daina sa kaset ɗin, ya koma zama a baranda yana kallon hannuwansa. Ita ta ɗauka kaset ɗin ne ya kashe masa jiki, don zaren ya tsufa, kiɗan yana ja kamar mai magana cikin barci. Ta sa a ranta in ta dawo masa da kiɗan garau, fiton ma zai dawo gidan.

Uwarta ba ta ga abin haka ba. Ita a wurinta miskilanci ne ya ƙaru wa mutum da tsufa. Takan tsaya a ƙofar kicin da ludayi ta ce Allah ya haɗa ta da aiki, ɗaya ba ta magana, ɗaya ba ya amsawa, ita da bango suke hira. Shi kuma ya kalli fuskarta, in ya ga tana murmushi sai ya yi dariya.

Ranar da ba ya nan yarinyar ta sa kaset ɗin a tsohuwar rediyon ɗaki, ta kara wayarta a jiki ta ɗauka. Shi ne ta ɗora da waɗancan layuka biyu. Kwanaki suka wuce babu wanda ya kula, har ta fara jin sanyi a ranta cewa ba wanda ya ga rubutun. Sai ga amsa daga wata mata da ke kiran kanta Mai Yashi. Maganar tana ɗingishi, da alama na'ura ce ta fassara ta daga wani harshe, amma ana ganewa. Ta ce ta saurara har sau ba adadi, za ta wanke masa ƙurar da ke ciki, za ta kuma yi masa zane, sai dai a yi haƙuri da ita, yashi ba ya son gaggawa.

An daɗe kafin zanen ya zo, har yarinyar ta daina dubawa kullum. Ya iso ana hutun rana. Ta juya wa shagon baya ta buɗe. Yashi ne zube a kan gilashi, haske yana fitowa ta ƙarƙashinsa. Wani siririn layi ya tsago cikinsa, ya miƙe, ya yi karkarwa kamar tsirkiyar da aka taɓa, ya zama hanya, hanyar ta tashi ta zama tsuntsu. Can a tsakiya layin ya yi tuntuɓe, yashin ya watse, sannan ya tattara kansa ya ci gaba. Ta gane kiɗan babanta tun daga farko har ƙarshe ba tare da ta ji ko ɗis ba. Da aka tashi ta tsaya wurin mai kayan waya ta sayi iyafis na sawa a kunne. A mota hannunta ya yi ta ƙaiƙayi ta saka ta saurara, ta hana kanta. Kunnen mai kiɗan ya kamata ya fara ji.

Ta same shi a baranda, rana ta yi sanyi, hannuwansa suna warin dalma duk da ya wanke. Uwarta tana kicin. Yarinyar ta durƙusa a gefensa, ta ce ta kawo masa wani abu. Ya kalli bakinta, ya kalli wayar. Ta sa masa iyafis ɗin da hannunta, kunne ɗaya bayan ɗaya, ta kunna.

Da farko ya tsuke ido. Da layin ya yi karkarwa sai kansa ya fara gyaɗawa, daidai, ba gaba ba baya. Yatsun hannunsa na hagu suka hau danna gwiwarsa kamar akwai tsirkiya a wurin. Fuskarsa ta saki irin sakin da ta manta rabon da ta gani.

"Uwata, ina kika samo wannan?" ya ce, da ƙarfi, kamar tana can ƙetaren titi. "An wanke shi tas. Ji yadda jitar ta fito."

Ta sunkuyar da kai tana murmushi. Da ya ƙare ya ce ta sake sa masa. Ta karɓi wayar za ta mayar da shi farko, a nan idonta ya faɗa kan 'yar alamar sifika a saman gilashin, da layi a gicciye a kanta. Tun daga shago ba ta buɗe muryar ba.

Ta tsaya da wayar a hannu. Ta ce wa kanta wataƙila alamar ce ta maƙale. Ta kunna, ta miƙa masa, amma ta bar babban yatsanta a kan maɓallin ƙara murya da ke gefen wayar. Ta danna sau ɗaya. Bai motsa ba. Ta ci gaba da dannawa tana kallon gefen fuskarsa, har muryar ta kai ƙarshe, har kiɗan ya fara tsiyayowa daga kunnuwansa yana tsi-tsi-tsi, ita da ke gefe ma tana jin jitar. Ko ido bai ƙifta ba. Kansa yana gyaɗawa kamar ɗazu, yana bin yashi.

Sai abubuwa suka yi ta dawo mata. Yadda yake ɗora tafin hannu a kan kowace sifika in ya kunna. Yadda yake kallon baki ba ido ba. Mutumin da ya taɓa bin su a titi yana ta kiransa bai waiga ba, uwarta ta ce girman kai ne. Rediyon da wani direba ya dawo da ita, ya sake dawo da ita, yana cewa har yanzu tana huci kamar maciji.

"Ke, rage abin nan, za ki fasa masa dodon kunne," uwarta ta ce daga kicin. Da ta ji ba a rage ba ta fito da wuƙa a hannu, ta tsaya. Ta kalli 'yarta, ta kalli mijinta da ke murmushi cikin wannan ƙara.

Inuwarta ce ta sa ya ɗago. Ya ga fuskokinsu. A hankali ya zare iyafis ɗin, ya riƙe su a tafinsa, ya ji suna rawa a fatarsa kamar ƙudan zuma. Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya rufe hannun.

Uwar ta zo ta tsuguna a gabansa, inda zai ga bakinta, ta tambaye shi tun yaushe. Ya ce kunnen dama ya daɗe da tafiya, na hagu ne ya bi shi tun daminar da ta wuce. Ya je asibiti shi kaɗai, aka ce jijiyar ce ta gaji, shekarun da ya yi da kunne a bakin sifika ne suka zo karɓar hakkinsu. Ta ce me ya hana shi faɗa.

"Wa zai kawo wa kurma gyaran rediyo?" ya ce.

Can ta ce, "Shi ne ka bar ni ina ta yi maka faɗa a banza, ko ɗaya ba ka ji ba." Ta so ta yi dariya, dariyar ta karye mata a hanya. Ta miƙe ta koma kicin, aka daɗe ba a ji motsin wuƙa ba.

Yarinyar ji take kamar ƙasa ta tsage ta shige. Duk wannan ɗoki, ashe madubi ta kai wa makaho, kuma ita ce ta yaye masa rigar da ya daɗe yana rufe kansa da ita. Ta miƙa hannu za ta ɗauke wayar. Ya riƙe wuyan hannunta.

"Bar shi, Uwata. Mayar min tsakiya."

Ta mayar, ta juyo inda zai ga bakinta ta ce masa wata mata ce ta yi zanen. Ya jira har layin ya zo inda yake tuntuɓe, ya sa yatsa a gilashin. Ya ce a nan yatsansa ya zame ranar da suka ɗauka, mai gangarsu ya harare shi kamar zai cinye shi, amma ba su da wani kaset ɗin, dole aka bar shi haka. Duk shekarun nan ba wanda ya taɓa lura, har uwarta da ta ji shi ya fi a ƙirga.

"Matar nan ta kama ni," ya ce. "Wannan tana da kunne."

Ya sake kallo daga farko, iyafis ɗin suna ajiye a kan benci. Da tsuntsun ya tashi sai ya tsuke leɓe ya fara fito a hankali. Abin da ta yi ta jira ke nan. Amma fiton ya kauce, yana hawa inda ya kamata ya sauka, yana yawo kamar mai neman ƙofa cikin duhu. Bugun yana daidai, muryar ce ta ɓace, shi kuwa bai sani ba. Ya kalle ta yana neman shaida. Ta gyaɗa masa kai. Ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙafar bencin, ta saurara har ya kai ƙarshe.

Washegari ta tashi da wuri. Akwai saƙon Mai Yashi yana jiranta, tana tambaya ko babanta ya ji, me ya ce. Wannan karon ba ta goge komai ba. Ta rubuta mata cewa ya ce ta kama tuntuɓensa, kuma ya gode.

Ta buɗe gwangwanin da take tara ragowar maɓallai a gida, ta zaɓi baƙi ɗaya da fari ɗaya ta sa a aljihu. Maimakon ta hau motar shago, sai ta zagaya ta bayan tasha. Babanta ya riga ya buɗe rumfa, rediyon direban nan tana kan tebur a buɗe, hanjinta a waje. Ya ɗago ya gan ta. Ta jawo kujerar masu jira ta zauna kusa da shi, ta juya wa titi baya don kada masu wucewa su ga hannunta.

Ya kunna rediyon, ya ɗora tafinsa a kan sifikar. Tana huci. Ta fito da baƙin maɓallin ta ajiye a kan tebur, gefen kwanon dalma. Ya kalli maɓallin, ya kalle ta, ya ɗauki sukudireba. Ta damƙe farin a hannunta, sai hucin ya ɗauke za ta ajiye shi, ta matso da kunne.